Bindiga a Cikin Taron Jama'a: A Bari Ko A Hana?

Barkanmu da sake saduwa a wannan allo na ƙungiyar 'yan jarida ta makarantarmu. Darasinmu na wannan mako ya shafi ilimin zaman ƙasa, kuma zai kai mu har ƙasar Amurka. A can ana ta gardama a kan wata tambaya: idan dubban mutane sun taru a wajen biki ko wasa ko kasuwar baje koli, shin ya kamata a bar wanda ba ɗan sanda ba ya shiga da bindigarsa, ko kuwa a tsayar da shi a bakin ƙofa?

Wani zai ce wannan ai ba abin tambaya ba ne, wa zai yarda a shiga taro da bindiga? Amma a Amurka maganar ta kai gaban manyan kotuna, ta raba kan 'yan majalisa, kuma rayukan mutane ne ake magana a kai. Kowane ɓangare cewa yake yi shi ne mai neman kare rai. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo hujjar kowa, sannan mu faɗi namu ra'ayin.

Inda maganar ta samo asali

Amurka tana da kundin tsarin mulki kamar yadda Najeriya take da shi. A shekarar 1791 aka ƙara masa gyare-gyare guda goma da suka shafi 'yancin jama'a. Na biyu daga cikinsu shi ne wanda ya yi magana a kan makamai. Ya ambaci buƙatar samun rundunar sa-kai mai tsari, sannan ya hana a tauye wa jama'a 'yancin mallakar makamai da ɗaukarsu. A lokacin ƙasar ba ta daɗe da gama yaƙin neman 'yanci da Birtaniya ba, kuma bindigogin zamanin irin waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki ne, sai an harba ɗaya a sake ɗurawa.

An daɗe ana jayayya a kan ma'anar wannan gyara. Wasu suka ce 'yancin na rundunar sa-kai ne kawai, wasu suka ce na kowane mutum ne. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci uku da ya kamata mu riƙe:

Na farko a 2008. Kotun ta ce mutum shi kaɗai yana da 'yancin ajiye bindiga a gidansa domin kare kansa.

Na biyu a 2010. Kotun ta ce wannan 'yanci ya hau kan gwamnatocin jihohi da na birane, ba gwamnatin tarayya kaɗai ba.

Na uku a watan Yuni na 2022. Alƙalai shida cikin tara suka soke wata tsohuwar dokar jihar Niyok da ta haura shekara 100, wadda ta ce sai mutum ya kawo dalili na musamman kafin a ba shi lasisin fita da bindiga. Kotun ta ce 'yancin bai tsaya a cikin gida ba, ya haɗa da waje.

To amma kotun ba ta buɗe ƙofa gaba ɗaya ba. Ta yarda cewa akwai wurare na musamman da gwamnati za ta iya hana shiga da bindiga, kamar makarantu, kotuna, majalisun dokoki da rumfunan zaɓe. Sai dai ta yi gargaɗi cewa ba za a ɗauki gari guda a ce duk wuri ne na musamman don kawai yana da cunkoson jama'a ba. A nan gizo yake saƙa. Filin biki fa? Dandalin kallon wasa fa? Titin da ake jerin gwano fa? Suna cikin wurare na musamman ko ba sa ciki? Wannan ita ce gardamar da ake yi har yanzu.

Kowace jiha da dokarta

Amurka tana da jihohi 50, kuma kowace tana yin dokar bindiga tata. Akwai hanyoyi biyu na fita da bindiga da dokokin suke magana a kai. Ɗaya ita ce a ɓoye ta a cikin riga ko jaka. Ɗayar kuma a rataye ta a fili kowa yana gani. A da yawancin jihohi sai da lasisi ake ɗaukarta a ɓoye, amma yanzu fiye da rabin jihohin sun yarda baligi ya fita da ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba, muddin doka ba ta haramta masa mallakarta ba. Jihar Tekzas ta shiga wannan sahu ranar 1 ga Satumba, 2021.

Wasu jihohin kuma sun bi wata hanyar. Bayan hukuncin 2022, jihar Niyok ta yi sabuwar doka ta lissafa wuraren da ba a shiga da bindiga, har da dandalin Times Square inda dubban mutane suke taruwa a daren sabuwar shekara.

Domin mu gane girman lamarin, ga wasu alƙaluma. Wani bincike da aka fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa fararen hula a Amurka suna riƙe da bindigogi kimanin miliyan 393, wato bindigogi sun fi mutanen ƙasar yawa. A 2021 mutum fiye da 48,000 ne suka mutu ta hanyar bindiga a ƙasar, fiye da rabinsu kuma su ne suka kashe kansu da ita.

Wani abin mamaki ya faru a birnin Cleveland na jihar Ohayo a 2016, lokacin babban taron jam'iyyar Rifablikan. Hukumar birnin ta hana shiga yankin da ke kewaye da zauren taron da abubuwa da yawa, har da ƙwallon tanis da bindigar ruwa ta wasan yara. Amma ba ta iya hana bindigar gaske ba, saboda dokar jihar ta yarda a rataye ta a fili, kuma dokar jiha tana gaba da ta birni. Shugaban ƙungiyar 'yan sandan birnin ya roƙi gwamna John Kasich ya dakatar da dokar na 'yan kwanaki, gwamnan ya ce ba shi da wannan ikon. A cikin zauren kuwa, jami'an da ke tsaron shugabanni sun hana kowa shiga da makami.

Rikicin bikin baje kolin Tekzas

Misalin da ya fi fito da gardamar fili shi ne na babban bikin baje kolin jihar Tekzas, wanda ake yi a birnin Dalas. An fara shi tun 1886. Ana yin kwana 24 ana shagali, kuma mutum fiye da miliyan 2 suke zuwa a kowace shekara. Ana nuna shanu da sauran dabbobi da sababbin motoci, ga lilo iri-iri na yara, ga rumfunan abinci, ga wani ƙaton mutum-mutumi na makiyayi mai tsawon ƙafa 55 da ake kira Big Tex yana yi wa baƙi maraba. Iyaye da 'ya'yansu ne suka fi cika wurin.

Shekara da shekaru, wanda yake da lasisi yana iya shiga bikin da ƙaramar bindigarsa a ɓoye. Sai ranar 14 ga Oktoba, 2023, wani saurayi ya buɗe wuta a wurin cin abinci, ya raunata mutum uku. Jama'a suka watse da gudu, aka kwashe kowa daga filin a wannan dare. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba.

A watan Agusta na 2024 masu shirya bikin suka sanar da sabuwar ƙa'ida: daga yanzu ba mai shiga da bindiga, ko yana da lasisi ko ba shi da shi. Waɗanda aka ɗauke wa su ne 'yan sanda masu aiki da waɗanda suka yi ritaya suka cika sharaɗi. Masu bikin suka ce wasu manyan bukukuwan jihar, kamar bikin nuna dabbobi na birnin Hustan, sun riga sun yi haka.

Nan take aka yi ca. 'Yan majalisar jihar fiye da 70 suka sa hannu a wata wasiƙa suna neman a janye ƙa'idar. Antoni Janar na jihar, Ken Paxton, ya ba birnin Dalas kwana 15 ya sa a janye, da wa'adin ya cika ba a janye ba sai ya shigar da ƙara.

A nan sai mu natsu, domin shari'ar ta tsaya ne a kan tambaya ɗaya: filin na waye? A Tekzas, mai gida ko mai shago yana da ikon cewa kada a shigo masa da bindiga, domin wurinsa ne. Ita kuwa hukumar gwamnati, doka ta hana ta korar mai lasisi daga filin gwamnati, in ban da wuraren da dokar kanta ta lissafa. To filin da ake bikin, wanda ake kira Fair Park, mallakar birnin Dalas ne. Amma ba birnin ne yake shirya bikin ba, wata ƙungiya ce mai zaman kanta take karɓar hayar filin.

Antoni Janar ya ce tunda filin na gwamnati ne, ba wanda ya isa ya hana mai lasisi shiga, ko da ɗan haya ne. Birnin Dalas ya ce shi bai hana kowa ba, 'yan haya ne suka kafa ƙa'idarsu. Masu bikin kuma suka ce muddin suna biyan haya, a kwanakin bikin su ne masu wurin, kamar yadda ɗan haya yake da ikon cewa wane ya shigo ɗakinsa, wane kada ya shigo.

Akwai wani abin lura. A 2016 ofishin shi wannan Antoni Janar ya taɓa fitar da wani ra'ayi na shari'a da ya nuna cewa ƙungiya mai zaman kanta da ta karɓi hayar filin gwamnati za ta iya hana shiga da bindiga. Ana cikin wannan shari'ar, a watan Satumba na 2024, sai ya janye wancan ra'ayin.

Alƙaliyar kotun farko ta ƙi dakatar da ƙa'idar. Kotun ɗaukaka ƙara ma ta ƙi. Ana gobe za a buɗe bikin, Kotun Ƙolin jihar Tekzas ita ma ta ƙi sa baki. Aka buɗe bikin ranar 27 ga Satumba, 2024, kowa ya bi ta na'urar binciken makamai, ba a shiga da bindiga ba.

A jihar Jojiya kuwa labarin ya sha bamban. Kotun Ƙolin jihar ta yanke hukunci a 2019 wanda ya bambanta mai dogon haya da mai hayar 'yan kwanaki a filin gwamnati. Mai hayar 'yan kwanaki ba shi da ƙarfin hana bindiga. A 2022 aka soke wani babban bikin kiɗa da aka saba yi a wani lambun gwamnati a birnin Atlanta, kuma jaridun birnin sun ruwaito cewa dalilin shi ne masu shiryawa ba za su iya hana shiga da bindiga ba. Masu otal da masu sayar da abinci suka yi asarar cinikin da suka sa rai.

Hujjar masu cewa a bari

Ba daidai ba ne mu ɗauka masu wannan ra'ayi mugaye ne. Ga abin da suke cewa.

Na ɗaya, mugu ba ya bin doka. Idan aka manna takarda a ƙofa cewa ba a shiga da bindiga, mutumin kirki ne zai bi, ya bar tasa a gida. Wanda ya zo da mugun nufi zai nemi hanyar shigar da tasa, kuma ya san duk wanda ke ciki hannunsa wayam. Suna cewa irin wannan wuri ya zama kamar garken tumaki da ba makiyayi.

Na biyu, ɗan sanda ba ya ko'ina. Harbi yana faruwa cikin daƙiƙoƙi, kafin jami'i ya iso an riga an yi ɓarna. Misalin da suka fi kawowa shi ne na wata babbar cibiyar kasuwanci a garin Greenwood na jihar Indiyana, ranar 17 ga Yuli, 2022. Wani ya fito da bindiga a wurin cin abinci ya kashe mutum uku. Wani saurayi ɗan shekara 22 da ya zo sayayya yana ɗauke da ƙaramar bindiga ya harbe maharin cikin daƙiƙa 15. 'Yan sanda da kansu suka yaba masa, suka ce da ba don shi ba da an rasa rayuka da yawa. Ita kuwa cibiyar tana da ƙa'idar hana shiga da makami.

Na uku, hanyar zuwa da dawowa. Wanda aka hana shi shiga da bindiga, dole ya bar ta a gida ko a mota. Idan ya bar ta a gida, ba shi da kariya lokacin da zai taka zuwa wurin ajiye motoci da dare. Idan ya bar ta a mota, ɓarawo zai iya fasa motar ya sace ta, ta koma hannun masu laifi.

Na huɗu, maganar 'yanci. Suna cewa filin gwamnati na jama'a ne, da harajinsu aka gina shi. Idan aka yarda gwamnati ta ba da hayar fili sannan ɗan haya ya tauye 'yancin da tsarin mulki ya bayar, to an samu hanyar kewaye doka ke nan.

Hujjar masu cewa a hana

Su ma waɗannan suna da nasu dalilan masu nauyi.

Na ɗaya, cunkoso. Harsashi ba ya da ido. A wurin da mutane suke kafaɗa da kafaɗa, ko ƙwararren ɗan sanda yana iya kuskure, balle wanda bai taɓa shiga irin wannan hali ba. Harsashin da ya kuskure mugu zai samu wanda ke bayansa, wataƙila yaro ne. Ƙarar harbi kaɗai ma tana haddasa turmutsutsu, a tattake ƙanana da tsofaffi.

Na biyu, ba kowane harbi ne ake shirya shi tun daga gida ba. Da yawa daga cacar baki suke farawa. Ranar 14 ga Fabrairu, 2024, jama'a suka cika titunan birnin Kansas suna murnar ƙungiyarsu ta ci kofin ƙwallon Amurka. An baza jami'an tsaro fiye da 800. Sai gardama ta kaure tsakanin wasu mutane, aka zaro bindigogi. Mace ɗaya, uwar 'ya'ya, ta rasu, mutum fiye da 20 suka samu raunin harbi, kusan rabinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 16, wato sa'o'inmu da ƙannenmu. Masu wannan ra'ayi suna cewa da babu bindiga a aljihun masu gardamar, da abin ya tsaya a zage-zage ko dambe.

Na uku, ruɗar da 'yan sanda. Idan harbi ya tashi, jami'i ya iso ya tarar da mutum biyar riƙe da bindiga, ta yaya zai gane mugun? A birnin Dalas ɗin nan, ranar 7 ga Yuli, 2016, ana wata zanga-zangar lumana sai wani ya harbe 'yan sanda biyar har lahira. A cikin masu zanga-zangar akwai mutum kimanin 20 ko fiye da suka rataya manyan bindigogi, kamar yadda doka ta yarda. Da aka watse da gudu, 'yan sanda suka rasa gane wane ne wane. Har suka yaɗa hoton wani mutum a matsayin wanda ake zargi, daga baya ta bayyana ba ruwansa. A 2021 kuma, a garin Arvada na jihar Kolorado, wani bawan Allah ya harbe wani mahari da ya kashe ɗan sanda. Da wani ɗan sandan ya iso ya gan shi riƙe da bindiga, sai ya ɗauka shi ne maharin, ya harbe shi ya mutu.

Na huɗu, suna cewa su kansu masu goyon bayan bindiga suna yarda da hani idan ran babban mutum ne a ciki. A 2018, a babban taron ƙungiyar masu bindiga ta Amurka da aka yi a Dalas, an hana shiga zauren da bindiga lokacin da shugaban ƙasa da mataimakinsa za su yi jawabi, bisa umarnin masu tsaronsu. Haka kuma dokar Tekzas da kanta ta hana shiga da bindiga wurin wasannin ƙwararru da na makarantu. Sai su tambaya: idan filin ƙwallo ya cancanci wannan kariya, me ya sa filin bikin da yara suka cika bai cancanta ba?

Las Begas: inda ƙofa ba ta yi amfani ba

Akwai wani abin da ya faru wanda kowane ɓangare yake tsayawa ya yi tunani a kansa. Ranar 1 ga Oktoba, 2017, mutum kimanin 22,000 suna kallon wasan kiɗa a wani fili a birnin Las Begas. An binciki kowa a ƙofa. Amma maharin bai shiga filin ba. Yana hawa na 32 na wani otal da ke tsallaken titi, ya fasa taga, ya harba harsashi fiye da 1,000 cikin kimanin minti 10. Mutum 58 suka mutu, wasu biyu suka cika daga baya saboda raunukan, ɗaruruwa suka jikkata.

Binciken ƙofa bai hana wannan ba, domin mutumin yana waje. Ƙaramar bindiga a aljihun ɗan kallo ma ba za ta yi komai ba, domin ba ta kai wa wannan nisan, kuma cikin dare ba a ma san daga inda wutar take fitowa ba. Wani makaɗin jita da ƙungiyarsu ta yi wasa a ranar ya bayyana daga baya cewa wasu abokan aikinsu suna da bindigogi masu lasisi a cikin motarsu, amma ba su iya taɓa su ba, don tsoron kada 'yan sanda su ɗauka su ne maharan. Ya ce abin ya canja masa ra'ayin da ya daɗe a kai.

Darasin a nan shi ne tsaron taro bai tsaya a bakin ƙofa ba. Ya haɗa da lura da dogayen gine-ginen da ke kewaye, da yawan ƙofofin fita, da motocin asibiti a kusa, da kuma tambayar irin bindigar da ake barin mutum ya saya tun farko. Wannan tunani yana da muhimmanci ga biranen Dalas da Atlanta da Kansas, domin duk suna cikin waɗanda aka zaɓa su karɓi wasannin gasar cin kofin duniya ta 2026.

Mu fa a nan gida?

Tsarinmu ya bambanta da nasu. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 bai ba kowa 'yancin ɗaukar bindiga ba. Dokar makamai ta 1959 ta ce ba mai mallakar bindiga sai da lasisi. Manyan makamai sai da izinin shugaban ƙasa, wasu sai da na Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar gargajiya ta mafarauta kuma sai da na kwamishinan 'yan sandan jiha. Wanda bai kai shekara 17 ba, ba a ba shi lasisi. Dokar zaɓe ta 2022 ma ta hana zuwa kusa da rumfar zaɓe da makami.

Duk da haka irin wannan gardama ta taɓa tasowa a nan. A watan Yuni na 2022 gwamnatin jihar Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga su kare kansu daga 'yan fashin daji. Babban hafsan tsaron ƙasa na lokacin ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Hujjojin da aka yi ta kawowa a rediyo sun yi kama da na Amurka: wasu na cewa jami'an tsaro ba sa isowa da wuri, wasu na cewa yawan bindiga zai ƙara yawan jini.

A addini ma maganar tana da tushe. A cikin Sahihul Buhari akwai babi a kan ƙyamar ɗaukar makami ranar Idi da cikin Harami. An kuma ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai wucewa ta masallaci ko kasuwa da kibau ya kama tsininsu da hannunsa don kada ya ji wa wani ciwo. Ashe tun tuni an san wurin taro yana da hukuncinsa na daban.

Ra'ayinmu

Bayan mun auna hujjojin biyu, mu 'yan ƙungiya mun fi karkata ga a hana shiga babban taro da bindiga. Saurayin Indiyana ya ceci rayuka, wannan gaskiya ne. Amma a taron dubban mutane, inda ake zafi da turereniya da saurin fushi, haɗarin da bindigogi masu yawa za su jawo ya fi amfaninsu.

Sai dai muna da sharaɗi, kuma daga bakin ɗaya ɓangaren muka ɗauko shi. Duk wanda ya ce wa jama'a su bar makamansu a gida, to ya ɗauki nauyin tsaronsu ke nan. Takarda a jikin bango ba ta isa ba. Dole a binciki kowa a ƙofa ba sani ba sabo, a sa isassun jami'ai ciki da waje har wurin ajiye motoci, a buɗe ƙofofin fita da yawa. Idan aka hana mutanen kirki aka kuma yi sakaci a ƙofa, to maganar masu cewa an mai da jama'a garken da ba makiyayi ta zama gaskiya.

Mu ɗalibai ma akwai abin da ya hau kanmu, ko a filin Idi, ko wajen kallon hawan sallah, ko gasar wasannin makarantu. Idan mun isa wuri mu fara duba ta inda ake fita. Idan gardama ta kaure mu matsa nesa, kada mu tsaya kallo. Idan mun ga wani da wuƙa ko wani makami mu gaya wa malami ko jami'in tsaro. Kada mu saki hannun ƙannenmu a cikin cunkoso. Idan ana bincike a ƙofa mu bi layi da haƙuri, domin rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka ƙara wa tsarin mulkin Amurka gyaran da ya yi magana a kan makamai?
2. Kawo wurare uku da Kotun Ƙolin Amurka ta yarda a hana shiga da bindiga.
3. Me ya sa tambayar "filin na waye?" ta zama ginshiƙin shari'ar bikin Tekzas?
4. Kawo hujja ɗaya daga kowane ɓangare, tare da misalin da ke goyon bayanta.
5. Da kai ne ko ke ce shugaban masu shirya bikin Tekzas, wane mataki za a ɗauka, kuma me ya sa?

A rubuta amsa a takarda, da suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis. Za mu manna amsoshi uku da suka fi kyau a fitowa ta gaba, ko sun yarda da ra'ayinmu ko sun saɓa, in dai an kawo hujja. Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu da duniya baki ɗaya, amin.